Babi na Biyu: Adabin Baka a Tsibiran Filifin Kafin Zuwan Sifaniyawa

Shin al'ummar da ba ta bar wa jikokinta littattafai ba, za a iya cewa tana da adabi? Tambayar takan zo wa mai karatu a rai idan ya ji cewa ba a buga littafi a tsibiran Filifin ba sai a 1593, wato shekara 72 bayan jiragen ruwan Ferdinand Magellan sun iso yankin a 1521, kuma ko waɗanda aka buga a wannan shekara littattafan koyar da addinin Kirista ne da limaman coci 'yan Sifaniya suka shirya domin aikinsu. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka cewa baƙi ne suka koya wa mutanen tsibiran sarrafa harshe, alhali kuwa baƙin da kansu sun rubuta cewa sun tarar da jama'a masu waƙa a cikin kwalekwale da gona da gidan biki da wurin makoki, waɗanda ke riƙe da tarihin kakanninsu da labaran allolinsu a ka. Domin a gane abin da suka tarar, sai an fara da sanin rassan adabi, sannan a duba siffar da kowane reshe ya ɗauka a ƙasar da ta ƙunshi tsibirai sama da 7,000 da harsuna fiye da 150.

Rassan adabi

Adabi shi ne sarrafa harshe cikin hikima domin saƙo ya isa ga mai sauraro ko mai karatu ta hanyar da za ta burge shi, ta kuma zauna masa a rai. Idan aka dubi yadda ake isar da shi, gida biyu ya kasu: akwai adabin baka, wanda ake tsarawa a ka, a furta da baki, a gaje shi ta hanyar ji da hadda, galibi ba tare da an san wanda ya fara ƙirƙiro shi ba, akwai kuma rubutaccen adabi, wanda mutum guda ke ajiyewa a takarda ya ɗora sunansa a kai. Idan kuwa siga aka duba, rassa uku aka fi sani. Zube shi ne zancen da ke tafiya kara zube, babu awon gaɓoɓi babu amsa-amo, kamar tatsuniya da tarihihi. Waƙa ita ce zancen da aka auna, aka yanka shi ɗango-ɗango, aka ɗora shi a kan kari ko murya, sau da yawa kuma ƙarshen ɗangwayen yakan yi amo iri ɗaya, abin da ake kira amsa-amo. Wasan kwaikwayo shi ne labarin da ake aikatawa a gaban jama'a maimakon a ba da shi da baki kawai.

Duk rassan uku sun wanzu a Filifin ta dauri, sai dai ƙarfinsu bai zo ɗaya ba. Waƙa ce ta mamaye fage, domin hatta kacici-kacici da karin magana a ɗangwaye masu amsa-amo ake tsara su. Zube ya bi bayanta, wasan kwaikwayo kuwa bai rabu da ibada ba tukuna, yana nan cikin raye-rayen kwaikwayon farauta da yaƙi, da kuma hidimar babaylan, wato masu shiga tsakanin mutane da iskoki a tsibiran Bisaya, waɗanda yawancinsu mata ne, kuma al'ummar Tagalog ke kiran irinsu katalonan.

Damiana Eugenio, tsohuwar malama a Jami'ar Filifin wadda ta tattara adabin gargajiyar ƙasarta a jerin littattafai masu yawa, ta raba shi zuwa labarai da gajerun maganganun hikima da waƙoƙin jama'a. Wannan rabo yana da amfani a aji, amma masu adabin ba da shi suke aiki ba. Manomiyar da ke rera waƙa a gonar shinkafa ta san waƙarta ce a matsayin abin da ake yi lokacin girbi, domin kowane nau'i yana da lokacinsa da wurinsa da wanda ya cancanci ya furta shi, kuma aikin da aka yi shi dominsa ne ke yanke masa tsawo da kari da yawan 'yan amshi. Da wannan ake gane dalilin da ya sa wasu nau'o'in suka kawo yau da ransu, wasu kuma suka ɓace tun ƙarni na 17.

Rubutun da bai ɗauki nauyin adabi ba

Ba rashin iya rubutu ne ya sa adabin ya zauna a baki ba. A ƙarshen shekarun 1980 aka tsinci wani faifan tagulla a lardin Laguna, kudu maso gabashin Manila, mai ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da shekarar 900 miladiyya, wanda aka rubuta da haruffan Kawi na tsibirin Java cikin tsohon harshen Malay da ya cakuɗa da kalmomin Sanskrit. Da Antoon Postma, masani ɗan ƙasar Holan, ya warware shi, sai aka ga takardar shaida ce ta yafe wa wani mutum mai suna Namwaran da zuriyarsa bashin zinariya. Lokacin da Sifaniyawa suka kafu a Manila a 1571 kuma, sun tarar da Tagalog suna amfani da baybayin, rubutu mai haruffa 17, uku wasula, 14 baƙaƙe, wanda ake kartawa da tsinin wuƙa a jikin gora ko ganye. Pedro Chirino, limami ɗan ɗariƙar Jesuit, ya faɗa a littafinsa na 1604 cewa da wuya a sami namiji, balle mace, da bai iya wannan rubutu ba. Ko da ya yi ƙari a maganar, shi ɗin ne kuma ya shaida cewa abin da ya shafi addinin mutanen da asalinsu a cikin waƙoƙi yake, waɗanda suke koya tun suna yara ta hanyar jin ana rera su a wurin tuƙin jirgi da aiki da biki da makoki.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa limaman coci sun ƙone tarin littattafan gargajiya, shi ya sa ba a sami kome ba. Hujjar wannan magana ba ta da ƙarfi, domin gora da ganye ba sa jure damshin ƙasar, kuma shaidar da ake da ita ta nuna cewa wasiƙu da gajerun baitoci ne aka fi rubutawa. Ɓarnar da ta fi girma ta wata hanya ta zo: an hana tsafe-tsafe da bukukuwan da ake rera dogayen waƙoƙi a cikinsu, an rage wa babaylan daraja har aka mayar da su mayu a idon jama'a, an kuma tattara mutane daga ƙauyukansu zuwa garuruwan da aka gina kewaye da coci. Waƙar da ba ta da sauran wurin rerawa ba ta buƙatar a cinna mata wuta kafin ta ɓace.

Gajerun maganganun hikima

Mafi ƙanƙantar nau'i shi ne kacici-kacici, wanda Tagalog ke kira bugtong, masu harshen Sebuwano tigmo, Ilokano kuma burburtia. Yawanci ɗango biyu ne masu amsa-amo, kuma ana yin sa da dare a gida, da lokacin hutun aikin gona, da kuma wurin zaman makoki inda ake buƙatar abin da zai hana masu gadin gawa barci. Ginshiƙinsa shi ne talinghaga, wato ɓoye abu a bayan surar wani abu dabam domin mai sauraro ya yi aikin tono shi, kuma daga kayan gida da na gona da na teku ake ɗauko surorin, irin su kwakwa da gora da kifi da shinkafa. Akwai sanannen bugtong da ke siffanta yazawa da gimbiyar da ke zaune a kan kofi, saboda yadda ƙwallon ke maƙale a wajen ɗan itacen. Yazawa kuwa daga nahiyar Amurka jiragen Turawa suka kawo ta, ke nan wannan kacici-kacici bai girmi zuwansu ba, ko da yake sigar da aka zuba shi a ciki ta girme su nesa ba kusa ba.

Karin magana, wato salawikain, shi ma gajeren baiti ne, sai dai shi koyarwa yake yi a maimakon gwada kaifin tunani, kuma dattawa ne ke jefa shi wajen sulhu da neman aure da tarbiyyar yara. Wani yana jingina ƙarfin tsintsiya ga ɗaurin da aka yi mata, wani kuma yana gargaɗin mai manta mafarinsa cewa ba zai kai inda ya nufa ba. Daga nan taki ɗaya ne zuwa tanaga, waƙa mai ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa bakwai, duk da amsa-amo guda, wadda ke ɗaukar sura ɗaya tak daga tsirrai ko ruwa ko dabbobi ta ɗora mata ma'anar halin ɗan Adam ba tare da ta fassara ta ba. Kusan duk tsofaffin tanaga da ake da su a yau daga wuri guda suka fito, wato ƙamus ɗin Tagalog da limamai biyu, Juan de Noceda da Pedro de Sanlúcar, suka fitar a 1754. Limaman sun kawo baitocin ne a matsayin misalan yadda ake amfani da kalmomi domin 'yan'uwansu masu wa'azi, ba don sun ɗauri aniyar adana adabi ba, amma da ba su yi hakan ba da masu nazari irin su Bienvenido Lumbera ba su sami abin da za su auna tsohuwar waƙar Tagalog da shi ba.

A tsibirin Mindoro ne irin wannan waƙa ta ci gaba da rayuwa a hannun masu ita. Al'ummar Hanunuo Mangyan da ke zaune a duwatsun kudancin tsibirin suna da ambahan, waƙa mai gaɓa bakwai a kowane ɗango da amsa-amo guda daga farko zuwa ƙarshe, wadda ba a ƙayyade mata yawan ɗangwaye ba, kuma ake furta ta da wata 'yar murya ba tare da kiɗa ba. Amfaninta shi ne faɗin abin da kunya ko ladabi ya hana a faɗa kai tsaye. Saurayi mai neman aure, da baƙon da yunwa ta kama a gidan mutane, da uwar da ke son jan kunnen ɗanta, da abokin da zai yi ban kwana, kowannensu yana da ambahan da ya dace da shi, inda tsuntsu ko ƙudan zuma ko wani tsiro zai tsaya a madadin mai magana, wanda aka yi wa kuma ya mayar da martani da nasa baitin. Ba a tambayar wanda ya ƙirƙiri ambahan, abin da ake yabo shi ne iya zaɓo wanda ya dace da lokacin. Abin lura shi ne Hanunuo suna karta waɗannan baitoci a jikin gora da rubutunsu na gado, ɗan'uwan baybayin, kuma sha'awar haddace baitocin neman aure na daga cikin abin da ke sa matasa koyon rubutun. A 1993 gwamnatin Filifin ta karrama Ginaw Bilog, wani gwanin ambahan, da lambar da take ba masu riƙe da fasahar gargajiya, a 1999 kuma hukumar UNESCO ta sanya rubutun Hanunuo da na Buhid da Tagbanwa da Palawan cikin kundinta na abubuwan tarihin da ya kamata duniya ta adana.

Waƙa ga kowane aiki

Waƙoƙin jama'a sunayen ayyukansu suke ɗauka. A wurin Tagalog oyayi ta rarrashin jariri ce, talindaw da soliranin na matuƙa jirgin ruwa, diona ta aure, kumintang ta yaƙi, Ilokano kuma suna da dung-aw, kukan da ake rerawa a kan gawa ana lissafa halayen mamaci. Karin waƙar matuƙa yana bin faɗuwar filafili a ruwa, inda jagora ke bayarwa sauran su amsa, domin hannuwa su tafi tare. Francisco Ignacio Alcina, limamin da ya daɗe a tsibiran Samar da Leyte, ya bayyana a rubutunsa na 1668 cewa mutanen Bisaya suna da bikal, gasar habaici tsakanin mutum biyu da kowa ke tsara martaninsa nan take, da balak ta zawarci, da kuma siday, waƙar jarumai wadda kan cinye dare guda, mai cike da tsofaffin kalmomin da ba kowa ke fahimta ba.

Labarai na zube

Abin da ke bambanta nau'o'in labari uku shi ne matsayin da masu shi suka ba shi. Labarin mafari ana ɗaukar sa gaskiya mai tsarki, yana kuma faruwa ne kafin duniya ta zama yadda take. A wani da marubutan Sifaniya suka ji tun ƙarshen ƙarni na 16, ciki har da Miguel de Loarca a 1582, babu kome da farko sai sama da teku da wata shirwa da ta rasa wurin sauka, sai ta haɗa su faɗa, sama ta yi ta jefo duwatsu domin ta danne teku, duwatsun suka zama tsibirai. Daga baya tsuntsuwar ta tsaga wata gora da baki, namiji da mace na farko suka fito daga cikinta, waɗanda mutanen Bisaya suka kira Sikalak da Sikabay, yaran makaranta na yau kuma suka fi sani da Malakas da Maganda. Labari ne na mutanen da ƙasa ta yi wa kaɗan ruwa ya yi musu yawa, kuma gorar da suke gina gida da ita suke ɗebo ruwa suke rubutu a kanta ita suka mayar mahaifar ɗan Adam.

Nau'i na biyu shi ne alamat, wato tarihihi, wanda ke faruwa a wurin da aka sani, yana kuma bayyana asalin dutse ko tafki ko tsiro ko sunan gari. Dutsen Makiling da ke Laguna yana da Mariya Makiling, aljanar da ke tsaronsa, wadda kan ba talaka citta ta rikiɗe ta zama zinariya, har ranar da kwaɗayin mutane ko cin amanar masoyi ya sa ta daina bayyana. Sunan Mariya kansa ya nuna cewa labarin ya ratsa zamanin coci, haka ma tarihihin abarba, inda uwa ta yi wa 'yarta mai ƙyuyar neman abu baki cewa da ma ta yi idanu barkatai, yarinyar ta zama ɗan itacen mai idanu a duk jiki, domin ita ma abarba baƙuwa ce daga Amurka ta Kudu.

Na uku shi ne kuwentong-bayan, tatsuniya, wadda kowa ya san ƙirƙira ce. Fitacciya a cikinsu ita ce ta biri da kunkuru, waɗanda suka raba bishiyar ayaba, biri ya zaɓi sama mai ganye ta bushe masa, kunkuru ya dasa gindi ya yi 'ya'ya. Da biri ya hau ya cinye ayabar shi kaɗai, kunkuru ya rama da ƙaya, da aka kama shi kuma aka ba shi zaɓi tsakanin turmi da kogi, sai ya yi ta roƙon kada a jefa shi a ruwa, aka kuwa jefa shi. José Rizal, ɗan kishin ƙasar Filifin, ya buga wannan tatsuniya a wata mujallar Landan a 1889 yana kwatanta ta da wata ta Japan. Maranao na Mindanao suna da Pilandok, wanda wani lokaci 'yar ƙaramar dabba ce mai kama da gada, wani lokaci kuma mutum, kuma matsayinsa a tatsuniyoyinsu shi ne na Gizo a na Hausa: marar ƙarfi mai wayo da ke jera kadoji da sunan ƙidaya ya taka bayansu ya ƙetare kogi, ko ya ruɗi sarki da labarin wata daula a ƙarƙashin teku har sarkin ya nemi a nutsar da shi. Tatsuniyoyin Malay ma suna da wannan dabba da irin wannan hali, abin da ke nuna daɗewar cuɗanya tsakanin tsibiran yankin.

Dogayen waƙoƙin jarumta

A nan ne adabin bakan Filifin ya kai ƙololuwarsa. E. Arsenio Manuel, wanda ya yi nazarin wannan nau'i a 1963, ya siffanta shi da cewa labari ne mai tsawo a sigar waƙa, wanda aka gada da baki, ake rera shi, yake zagaye da ayyukan jarumai da abubuwan al'ajabi, yake kuma ɗauke da aƙidu da al'adun masu shi. Idan aka dubi inda aka sami irin waɗannan waƙoƙi a taswira, za a ga sun taru ne a wuraren da mulkin Sifaniya bai kama sosai ba, wato duwatsun arewacin Luzon, da tsakiyar Panay, da Palawan, da Mindanao. Tagalog, waɗanda suka fi kowa kusa da Manila, ba su tsira da ko guda ba.

Hudhud ta al'ummar Ifugao ce, masu gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin duwatsu. Ana rera ta lokacin cirar ciyawa da girbi, da wurin makoki, da kuma bogwa, bikin tono ƙasusuwan mamaci a tsabtace su a sake binnewa. Jagorar waƙar, munhaw-e, yawanci dattijuwa ce, ita ke jan zaren labari, sauran mata kuma su karɓe da amshi mai maimaita sunayen mutane da na ƙauyuka da kirarinsu, ta yadda ita jagora za ta sami numfashi, masu yankan shinkafa kuma su sami karin da hannu zai bi. UNESCO, wadda ta karrama Hudhud a 2001, ta ƙiyasta waƙoƙinta sama da 200, kuma rera guda cikakkiya kan ɗauki kwanaki. Fitaccen jaruminta shi ne Aliguyon na ƙauyen Hannanga, wanda ya tafi ya tayar da tsohuwar gabar mahaifinsa, ya haɗu da Pumbakhayon na Daligdigan. Kowannensu yakan cafe mashin da aka jefo masa a iska ya mayar, suka yi shekaru a haka babu wanda ya ji wa wani rauni, har girman juna ya shige su, suka yi sulhu, kowa ya auri 'yar'uwar abokin karawarsa. Waƙar yaƙin da ba a kashe kowa a cikinta ba abu ne da ba a cika samu ba a adabin duniya, kuma ba mamaki ta fito daga bakin mata a al'ummar da ta san tsadar ramuwar gayya tsakanin ƙauyuka maƙwabta. Abin da waƙar ke ɗaukakawa shi ne dukiyar shinkafa da kyakkyawan aure da cika al'ada.

Darangen ta Maranao ce, mazauna gaɓar tafkin Lanao, kuma ta kasu kashi 17 masu ɗangwaye kimanin 72,000. Tana ba da labarin daular Bembaran da jarumanta, musamman Bantugan, wanda sarki ya hana kowa yi masa magana, ya bar gari cikin baƙin ciki ya mutu a wata ƙasa, aka hau sama aka dawo da ransa a cikin kwalba. Gwanayen mawaƙa, maza da mata, ke rera sassanta a bukukuwan aure na dare da yawa, kuma a cikinta ake samun ƙa'idojin sarauta da zumunta da neman aure da kare mutunci. Waƙar ta girmi Musulunci a yankin, wanda ya fara shigowa ta tsibiran Sulu a ƙarni na 14, amma bayan Maranao sun musulunta sai suka rubuta sassanta da kirim, wato ajaminsu na haruffan Larabci, iyalai suka riƙa adana littattafan a matsayin gado. Zamanta da addini bai rasa tsamin dangantaka ba, domin akwai masu ganin labaran iskokin da ke cikinta ba su dace da Musulmi ba, sai dai ta kawo 2005, shekarar da UNESCO ta karrama ta. A wurin Maranao ɗin ne kuma Juan Francisco ya sami Maharadia Lawana a ƙarshen shekarun 1960, labarin da asalinsa Ramayana ce ta Indiya.

A tsakiyar Panay, F. Landa Jocano ya ɗauki Hinilawod a na'ura a shekarun 1950 daga bakin mawaƙan Sulod, cikinsu har da wata dattijuwa mai suna Hugan-an, aka sami ɗangwaye kimanin 28,000 kan tafiye-tafiyen Labaw Donggon da Humadapnon da Dumalapdap. A wannan al'umma akwai binukot, 'yar da ake killacewa a ɗaka tun tana ƙarama, a hana ta aikin gona da shiga rana, kuma irin waɗannan mata na daga cikin waɗanda suka fi haddace waƙoƙin.

Biag ni Lam-ang ta Ilokano ta tsaya ne tsakanin tsohuwar al'ada da ta coci, domin ta fito daga yankin da ya karɓi Kiristanci da wuri. Jaruminta ya yi magana ranar da aka haife shi ya zaɓi sunansa, ya tafi ɗaukar fansar mahaifinsa yana ɗan wata tara, ya yi wanka a kogin Amburayan dauɗar jikinsa ta kashe kifaye, daga baya wani ƙaton kifi ya haɗiye shi, zakaransa da karensa suka tayar da shi daga ƙasusuwansa. Duk wannan tsohon abu ne, amma sunan mahaifinsa Don Juan, matarsa Ines, kuma a coci aka ɗaura aurensu. Akan jingina waƙar ga wani makahon mawaƙi na ƙarni na 17, Pedro Bukaneg, sai dai ba a buga ta ba sai a 1889 zuwa 1890, lokacin da Isabelo de los Reyes ya fitar da ita a jaridarsa. Ibalon ta yankin Bikol ta fi ta rashin sa'a, domin baiti 60 kawai suka rage, su ma cikin harshen Sifaniya.

Hannun da ya rubuta

Duk abin da aka ambata a wannan babi ta hannun wani mai rubutu ya iso ga mai karatu, ko limamin da ke neman sanin abin da zai yaƙa, ko ɗan kishin ƙasa irin Rizal da de los Reyes da ke son nuna cewa mutanensu suna da wayewa kafin mulkin mallaka, ko malamin jami'a mai na'urar ɗaukar magana. Kowannensu ya zaɓa ya bari, kuma takarda ba ta ɗaukar murya da amshi da dariyar masu sauraro, ba ta kuma nuna cewa mawaƙiya ɗaya ba ta rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Ƙishin samun tsohon tarihi a rubuce ya taɓa buɗe ƙofar jabu. Shekaru da dama ana koyar da yara dokokin wani sarki Kalantiaw da aka ce ya kafa a 1433, har William Henry Scott ya nuna a 1968 cewa daga takardun da José Marco ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 20 suka fito, hukumar tarihin ƙasar kuma ta tabbatar da hakan a 2004. Ana cikin riƙon wannan jabu da daraja, tsofaffin da ke ɗauke da dubban ɗangwaye na gaske a ka suna mutuwa a duwatsu ba a ɗauki muryarsu ba.

Barazanar yau ta fi ta da laushi, amma hanyarta ɗaya ce. Inda aka daina yankan shinkafa da hannu cikin gayya, Hudhud takan rasa filinta, binukot ta kusa ƙarewa tun da 'yan mata suka shiga makaranta, tsofaffin kalmomin Darangen kuma sun yi wa matasa nisa. Ana koyar da Hudhud a makarantun Ifugao, ana kuma shirya gasa da bukukuwa, abin da ke adana kalmomi da murya, ko da yake yaron da ya rera ta minti goma a kan dandamali yana yin wani abu ne dabam da na kakarsa a gona.

A filayen da suka karɓi Kiristanci kuwa, al'adar kwana ana rera dogon labari ba ta mutu tare da tsofaffin jarumai ba, sabon labari aka ɗora mata. A 1704 Gaspar Aquino de Belen ya fitar da pasyon, tarihin wahalar Yesu cikin baitocin Tagalog, kuma har yau ana taruwa a gidaje a makon Ista ana karɓa-karɓar rera irinta dare da rana. Babi na gaba zai bi wannan sauyi, daga pasyon zuwa awit da korido, waƙoƙin sarakuna da 'ya'yan sarakunan Turai da suka maye gurbin jaruman gargajiya, da kuma komedya, wasan da ya fito da wasan kwaikwayo daga wurin ibada zuwa dandalin gari.